Yadda ake karɓar ɗan kwikwiyo a gida: jawabin likitan dabbobi

Wani ma'aikacin gidan likitan dabbobi ya ziyarci masu karatun yaƙi da jahilci a wani gari na jihar Maraɗi. Manoma da makiyaya da mahalba sun taru, mata ma sun zo. Ya yi musu jawabi bisa kiwon kare tun yana ɗan kwikwiyo. Ga abin da ya faɗa, don masu karatu na sauran garuruwa su amfana.

Amfanin kare

Bayan gaisuwa, likitan ya ce kare ma'aikaci ne. Shi ke tsaron gida da dare. Shi ke tsaron rumbu da garka. Shi ke korar dila daga garken awaki. Mahalbi kuma ba ya shiga daji sai da shi. A arewacin Tawa, cikin ƙasar Azawak, Buzaye da Fulani suna da wani irin kare dogo, siriri, mai gudun tsiya. Har ƙasashen Turai an san shi, da sunan ƙasar ake kiran shi. Malamai sun bayyana cewa ajiye kare don tsaron gona, ko tsaron bisashe, ko farauta, ya halatta. Sun kuma ce wanda ya ajiye dabba, haƙƙin cinta da shanta yana wuyanshi.

Amma ya ce kare iri biyu ne. Akwai wanda aka kula da shi tun yana ƙarami. Wannan yana sanin gida, yana jin kira, yana tsaron dukiya. Akwai wanda aka ɗauko aka yar. Wannan yawon juji yake yi, yana cin kaji, yana cizon yara, yana kawo cuta. Watannin farko su ke raba su. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Kafin a ɗauko shi

Mai gida ya fara shawara da iyalinshi. Wa zai ba shi abinci? Wa zai zuba mishi ruwa in mai gida ya tafi cin rani? Hatsin gida zai isa har da shi lokacin bazara? Kare yana iya yin shekara 10 ko fiye a duniya. Wanda ba zai iya ciyar da shi ba, gara ya bar shi ga mai iyawa. Gida guda, kare guda ya isa.

Kada a raba kwikwiyo da uwarshi da wuri. Ana haifar shi ido rufe. Sai bayan kwana 10 zuwa 14 yake buɗe ido. In ya yi sati 3 ko 4 yake fara lasar abinci. Amma ba ya isa yaye sai ya cika sati 8, wato wata 2. Nonon uwa yana kare shi daga cututtuka. A wurin uwa da ƴan uwanshi kuma yake koyon wasa ba tare da cizo mai zafi ba. Wanda aka ɗauke tun yana sati 3, sau da yawa mutuwa yake yi. In ya rayu, ya zama matsoraci ko mai yawan cizo.

Yadda ake zaɓe

A je gidan da aka haife shi, a ga uwar da ido. In uwar lafiyayya ce, ba ta faɗa wa mutane ba dalili, to ana sa ran ɗanta zai biyo ta. A tambayi mai ita ko an yi mata allurar rigakafin hauka.

Kwikwiyo mai lafiya yana da ido garau, ba kwantsa. Hancinshi ba majina. Gashinshi yana sheƙi, ba gyambo, ba ƙazuwa. Yana wasa, yana zuwa wurin mutum in an tafa hannu. In an ga ciki ya kumbura, haƙarƙari kuma a waje, to tsutsa ce ta cika shi. In an ga zawo ya ɓata gindin wutsiya, ba shi da lafiya.

Likitan ya ja kunne ƙwarai bisa abu guda. Kada a tsinci kwikwiyo a hanya, ko a kasuwa, ko a juji, a kawo gida. Ba a san uwarshi ba, ba a san abin da ya cije shi ba. Ƙaramin kwikwiyo ma yana ɗaukar ciwon hauka. Iyaye su faɗa wa yara wannan, don yara su ne masu tsinto su.

Shirin wuri

Ba a fafe gora ranar tafiya. Kafin ya iso, a shirya mishi makwanci a zaure ko a wani lungu na gida mai inuwa. Tsohon kwando ko rabin tulu ya isa, a shimfiɗa tsohon buhu ko tsumma a ciki. A ware mishi kasko 2 nashi na kanshi, guda na abinci, guda na ruwa. Kada ya ci cikin kwanon mutane. Kada ya sa baki cikin randa ko tulu. A riƙa rufe ruwan sha.

A ɗauke maganin ɓera da maganin ƙwari na wake da takin zamani, a sa su bisa, inda ba ya kai. Kwikwiyo kamar yaro mai rarrafe yake, duk abin da ya gani sai ya kai baki. In akwai rijiya ko rami cikin gida, a rufe bakinsu.

Ranar zuwa da daren farko

A ɗauko shi da safe ko da marece, ba da tsakar rana ba. A sa hannu guda ƙarƙashin ƙirji, guda ƙarƙashin gindi. Kada a ɗaga shi ta kunne, ko ta wutsiya, ko ta ƙafa guda. In tafiyar da nisa, a sa shi cikin kwando, a yi mishi inuwa. Ga wata dabara: a goga tsumma a jikin uwar, a taho da shi. Warin uwa yana kwantar mishi da hankali.

In an iso gida, a ajiye shi kusa da makwancinshi, a ba shi ruwa, a ƙyale shi ya shinshina wurin. Kada yaran unguwa su taru a kanshi, wannan ya ɗauka, wancan ya ƙwace. Ƙaramin kwikwiyo barci yake yi mafi yawan yini. In yana barci, a bar shi.

Daren farko zai yi kuka. Wata kila dare 2 ko 3. Ba mugun abu ba ne, ba kuma alamar mutuwa ba ce. Kewar uwa ce da sanyi. Kada a buge shi. A sa makwancin inda yake jin motsin mutane. In lokacin hunturu ne, a ƙara mishi tsumma. Bayan ƴan kwanaki zai saba.

Abinci da ruwa

Cikin kwikwiyo ƙarami ne. Kaɗan yake ci, amma sau da yawa. Daga wata 2 zuwa wata 3, a ba shi sau 4 a yini. Daga wata 3 zuwa wata 6, sau 3. In ya wuce wata 6, sau 2 ya isa. A riƙa ba shi wuri guda, lokaci guda. Haka yake gane nan ne gidansu.

Da farko a ba shi abu mai laushi: kunu mai kauri wanda ya huce, ko tuwo da aka dama da romo. Amma hatsi kaɗai ba ya gina jikin kare. Yana bukatar ɗan nama dafaffe, ko ƙwai dafaffe, ko kifi dafaffe da aka cire wa ƙaya, ko wake da ya dahu lugub. Ɗan nono mai tsami yana da kyau. Madarar shanu ɗanya in ta yi yawa tana sa shi zawo. Abincin da ya kwana ya lalace, a zubar.

Ruwa kuma kada ya yanke. Kare ba ya zufa kamar mutum. Da harshe yake fitar da zafi, shi ya sa yake haki. A watan Afrilu da Mayu, zafin ƙasarmu yana wuce digiri 40. Kwikwiyon da aka ɗaure cikin rana ba ruwa yana iya mutuwa yini guda.

Abin da ba a ba shi

Ba a ba shi albasa da tafarnuwa, suna ɓata jinin kare. Ba a ba shi goro da shayi. Ba a ba shi miya mai tonka da gishiri da yawa. Ba a ba shi dafaffen ƙashin kaza ko na zabo, yana tsagewa ya soke hanji. Ba a ba shi ƙwayar maganin mutane, ko da ta ciwon kai ce.

Likitan ya juya wajen mahauta da masu yanka a gida. Ya ce wani lokaci in an feɗe tunkiya, ko saniya, ko raƙumi, ana ganin ƙulli mai ruwa a hanta ko a huhu. Mutane suna yankewa su jefa wa kare. Wannan kuskure ne babba. Ƙwayar tsutsa ce a cikin ƙullin. In kare ya ci, tsutsar ta girma a hanjinshi, ƙwanta ya fito cikin kashinshi. Daga nan ya shiga ciyawa, ya shiga hannun yara. Mutumin da ya haɗiye ƙwan, irin wannan ƙulli yake fitowa a hantarshi, har ya kai ga aikin asibiti. Don haka a ƙone wannan nama, ko a bizne shi cikin rami mai zurfi. Mushe ma haka.

Masu zama bakin tabki da gulbi kuma, kada su jefa wa kare ɗanyen kayan cikin kifi. A shekarar 2013 Ƙungiyar Lafiya ta Duniya, OMS, ta shaida Nijar ta rabu da kurkunu. Amma a Cadi, tun shekarar 2012 an riƙa samun kurkunu a jikin karnuka na bakin gulbi, ana kuma zargin ɗanyen kifi. Cutar da aka kora da wahala, kada a buɗe mata ƙofa.

Horo

A sa mishi suna gajere, kowa ya riƙa kiran shi da shi. In an kira ya zo, a shafa kanshi, a ba shi ɗan abin taunawa. Kada a kira shi don a buge shi. In an yi haka, gobe ba zai zo ba.

Wajen kashi da fitsari, a zaɓa mishi wuri guda bayan gida, nesa da madafa da inda yara ke wasa. A kai shi can da ya tashi barci, da kuma bayan ya ci abinci. In ya yi a can, a yaba mishi. In ya yi cikin tsakar gida, a kwashe da tsinken kara ko ɓallin ƙwarya, a bizne, a wanke hannu da sabuni. Bugu bayan abu ya wuce ba ya koya mishi komi, don bai san laifin da ya yi ba.

A nuna mishi kaji da awaki da jaki tun yana ƙarami, mutum yana tsaye kusa. In ya bi kaza da gudu, a tsawata mishi nan take da murya, a ɗauke shi. Kwikwiyon da za a sa tsaron garke, a bar shi ya riƙa kwana kusa da garken. Zai ɗauki bisashen kamar danginshi.

Tsakanin wata 4 da wata 6 yana famfara. Haƙoran nono 28 suna zubewa, manya 42 suna fitowa. Lokacin nan dasashi yana mishi ƙaiƙayi, yana tauna takalmi da tabarma. A ba shi tsohuwar igiya mai kauri ko guntun fata ya tauna.

Kada a ɗaure shi dare da rana da guntuwar igiya. Karen da ya tashi a ɗaure, mugu yake zama. Kada kuma a sake shi yawon gari. A koya wa yara abu 3: ba a taɓa kare in yana cin abinci, ba a taɓa shi in yana barci, ba a jifar shi. Jariri kuma ba a barin shi shi kaɗai da kare, komi sabo.

Tsutsar ciki da kaska

Kusan kowane kwikwiyo da tsutsa ake haifar shi, daga uwa yake ɗauka. Gidan likitan dabbobi akwai magani. Ana ba shi kowane sati 2 har ya cika wata 3. Daga nan kowane wata har ya cika wata 6. Bayan haka, kowane wata 3. Ma'aikaci ne zai faɗi yawan maganin, don bisa nauyin kare ake aunawa.

Kowane marece a duba kunnuwa da wuya da tsakanin yatsu. In an ga kaska, a kama ta dab da fata, a ja a hankali, a jefa wuta. Kada a fesa mishi maganin gona. Kada a shafa mishi kananzir ko baƙin man mota. Suna ƙone fata, in ya lasa kuma su kashe shi. A riƙa shanya tsummanshi a rana saboda ƙuma.

In kwikwiyo ya ƙi abinci, yana amai, yana zawo da jini, a kai shi gidan likitan dabbobi ranar nan. A raba shi da sauran karnuka. Wannan ciwo yana kashe ƙanana cikin ƴan kwanaki. Shi ma yana da allurar rigakafi, ana fara ta tun kwikwiyo yana sati 6 zuwa 8.

Haukan kare

Da ya zo nan, likitan ya ce kowa ya buɗe kunne. Haukan kare ba iska ba ne, ba sammu ba ne. Ƙwayar cuta ce da ke cikin miyan dabbar da ta kamu. Tana shiga ta cizo ko yakushi, ko in kare ya lashi rauni. Daga nan ta bi jijiya har ƙwaƙwalwa. Sau da yawa sai bayan wata 2 ko 3 ciwon yake bayyana, lokacin raunin ya warke, kowa ya manta. In ya bayyana, babu magani, mutum mutuwa yake yi.

OMS ta ƙiyasta mutum wajen 59.000 ke mutuwa da wannan ciwo kowace shekara a duniya, mafi yawa a Afirka da Asiya. Cikin mutum 100 da suka kamu, kusan 99 kare ne ya sa musu. Cikin 10 kuma, wajen 4 yara ne da ba su kai shekara 15 ba. Shanu da awaki da jakai ma suna kamuwa in mahaukacin kare ya cije su.

Amma rigakafi ya daɗe da samuwa. A shekarar 1885, a ƙasar Faransa, wani masani mai suna Luwi Fastor ya yi wa wani yaro ɗan shekara 9 allura bayan mahaukacin kare ya cije shi. Yaron ya rayu. Ranar 28 ga Satumba ta zama ranar yaƙi da haukan kare a duniya.

Kwikwiyo in ya cika wata 3, a kai shi a yi mishi allurar hauka. A riƙa sabuntawa kowace shekara, ko yadda ma'aikaci ya faɗa. A karɓi takardar shaida, a adana ta. Masana sun gano cewa in an yi wa kare 7 cikin 10 allura a gari, cutar ba ta samun hanyar yaɗuwa. Don haka aikin ba na gida guda ba ne. Mai gari da masu unguwa su haɗa kan jama'a, a tara karnuka rana guda, a kira ma'aikaci.

Ga alamun mahaukacin kare. Halinshi yana sakewa. Yana cizon icce da dutse da duk abin da ya tarar. Muryarshi tana sakewa, miyau yana zuba. Wani kuma ba ya faɗa, sai dai baki ya saki, ƙafafu su mutu. Kada kowa ya sa hannu a bakinshi wai ƙashi ne ya maƙale. A tsare yara cikin gida, a sanar da mai gari da gidan likitan dabbobi.

In kare ya ciji mutum

Abu na farko, a wanke raunin nan take da ruwa mai yawa da sabuni, har minti 15. Wannan wanki yana fitar da ƙwayar cuta da yawa. Kada a sa toka, ko tonka, ko ƙasa, ko gashin karen. Kada a ɗaure raunin tamau.

Abu na biyu, a tafi gidan likita ranar nan, ko da raunin ƙarami ne, ko da kwikwiyon gida ne. In babu allurar a nan, za su nuna inda take. Allurar ba guda ba ce. A koma duk ranakun da likita ya rubuta, kada a tsallake ko guda.

Abu na uku, in karen yana da mai shi, a tsare shi wuri guda, ana ba shi ci da sha, ma'aikaci yana duba shi kwana 10 zuwa 15. Amma wanda aka ciza ba ya jiran wannan lokaci kafin ya ga likita. Yara kuma a faɗa musu ba za a buge su ba in sun faɗi gaskiya. Yaro da yawa yana ɓoye cizo don tsoron faɗa.

Tambayoyin jama'a

Wani tsohon mahalbi ya ce: «Likita, mun gada ana yanke wa kwikwiyo kunne don ya yi zafi. Me ka gani?» Likitan ya ce: «Baba, yankan kunne ba ya ƙara wa kare zuciya. Rauni ne kawai, ƙuda ya bi, jini ya zuba. Abinci da horo su ke yin karen farauta.» Ya ƙara da cewa allurar hauka ba ta rage gudun kare, ba ta kashe mishi hanci.

Wata dattijuwa ta ce: «Ɗana, karyarmu kullum haihuwa take, mun rasa yadda za mu yi da ɗiyan.» Ya ce: «Inna, karya tana iya ɗaukar ciki tun tana wata 6 ko 7, cikinta kuma wata 2 ne. In ta fara neman namiji, a tsare ta cikin gida wajen sati 3. Namiji kuma likitan dabbobi yana iya fiɗiye shi, yawonshi ya ragu. Kada dai a kai ɗiyan juji a yar. Su ne ke zama karnukan da ba su da mai su.»

Amfanin karatu

Daga ƙarshe likitan ya ce wanda ya iya rubutu ya fi kowa iya kiwo. Mai kwikwiyo ya ware shafi guda cikin littafinshi, ya rubuta abu 4: ranar da aka haifi kwikwiyon, ranar da ya zo gida, ranakun maganin tsutsa, da ranar allurar hauka. Wanda aka haifa 1 ga Janairu, za a ɗauko shi farkon Maris, a yi mishi allurar hauka farkon Afrilu. Kowa ya yi lissafin nashi.

Masu karatu, ku karanta wa maƙwabtanku wannan jawabi a dandali da cikin gidaje. Ku ƙidaya karnukan garinku, ku rubuta nawa aka yi wa allura, nawa suka rage. Ku kai wa mai gari lissafin. Rigakafi ya fi magani.